Daga "kada ka bauta wa wani" zuwa "babu wani": yadda Bani Isra'ila suka kai ga kaɗaita Allah

Tsakanin 1975 da 1976 wani masanin haƙar kayan tarihi mai suna Ze'ev Meshel ya tone kufan wani zangon matafiya a arewa maso gabashin hamadar Sinai, wurin da ake kira Kuntillet Ajrud. Ginin na wajajen shekara ta 800 kafin miladiyya ne (daga nan za a taƙaita wannan da K.M.). A jikin manyan randunan da aka samu akwai rubutun tawada da Ibrananci, irin addu'ar da ake buɗe wasiƙa da ita, ana sa wa wani albarka da sunan "Yahweh na Samariya da Asherarsa" (Samariya ita ce babban birnin masarautar Isra'ila ta arewa). An sami makamancin wannan lafazi a wani kabari a Khirbet el-Qom, kusa da Hebron. Yahweh shi ne sunan da Bani Isra'ila ke kiran Ubangijinsu da shi, Ashera kuwa allahiya ce ta mutanen Kan'ana. Masana ba su daidaita ba kan ko ita kanta ake nufi ko ginshiƙin itacen da ake kafawa kusa da bagade a matsayin alamarta, domin Ibrananci bai saba liƙa wa sunan yanka harafin mallaka ba. Ko wanne ne dai, mai rubutun bai ga aibu a haɗa sunayen biyu cikin addu'a ɗaya ba.

Akwai abin da ya kamata a raba tun farko. Musulmi da Kirista da Bayahude duk sun yi imani cewa tauhidi shi ne asali: Annabi Ibrahim ya zo da shi, Annabi Musa ya jaddada shi, mutane ne suka riƙa kaucewa ana aiko musu da masu gargaɗi. Masanin tarihi ba shi da ma'aunin auna wahayi. Abin da ke hannunsa tsingaro ne da allon yumɓu da kufai da tsofaffin kwafen littattafai, tambayarsa kuma ita ce me sarki da talaka suke bauta wa a zahiri a ƙarni kaza, kuma yaushe aka fara samun rubutun da ya ce ƙarara babu abin bauta sai ɗaya. Kan cewa jama'a sun daɗe suna haɗa Yahweh da wasu babu jayayya, littattafan Sarakuna da na annabawa cike suke da wannan kuka. Inda aka rabu shi ne mai imani yana kiran abin kauce wa asali, yawancin masana tarihi kuwa suna ganin haka al'ummar ta taso, daga baya ta tace.

Mabuɗin zancen duka shi ne bambancin da ke tsakanin jimloli biyu. "Kada ka bauta wa wani" magana ce ta biyayya. "Babu wani" magana ce ta samuwa. Ta farko cikin dokoki goma ta hana riƙon waɗansu alloli tare da Yahweh, ba ta tsaya musanta samuwarsu ba. Tsohuwar waƙar da ke Littafin Fitowa na Attaura, sura 15, tana tambaya, wane ne kamarka cikin alloli? A Littafin Mahukunta 11 Yefta ya ce wa abokin gabarsa ya riƙe ƙasar da Kemosh abin bautarsa ya ba shi, su ma su riƙe wadda Yahweh ya ba su. Wannan lissafin zamanin ne: kowace ƙasa da mai tsaronta.

Sunan da ke cikin sunan

Rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila dutsen Fir'auna Merneptah ne na wajajen 1208 K.M. Sunan kansa yana ƙarewa da El, ba da Yahweh ba. Wane ne El? Amsar ta fito daga Ugarit, tsohon birni a gaɓar tekun Siriya da aka fara tonewa a 1929. Allunan da aka samu a can sun nuna tsarin allolin yankin kamar fadar sarki: El dattijo ne mai farin gemu, uba kuma mahalicci, yana zaune kan majalisa, matarsa Atirat, wato Ashera, uwar 'ya'ya saba'in, Ba'al matashi ne jarumi, mai hadari da ruwan sama, ana masa kirari da mahayin gajimare.

Yahweh ba ya cikin jerin allolin Ugarit. Alamun da ake da su suna nuni zuwa kudu. A haikalin Soleb, a arewacin Sudan ta yau, wanda Amenhotep na uku ya gina a ƙarni na 14 K.M., an lissafa ƙasar wasu makiyaya da ake kira Shasu tare da wani suna da mutane da yawa ke karantawa Yahu, gajeren lafazin Yahweh. Tsofaffin waƙoƙin Ibrananci, kamar Mahukunta 5 da Maimaitawar Shari'a 33 da Habakuk 3, duk suna siffanta shi yana tahowa daga Seyir da Edom da Faran da Teman, wato kudancin Jodan da arewacin ƙasar Larabawa. A hankali aka ɗauki El da Yahweh abu ɗaya. Fitowa 6 ta faɗi haka a fili: shi ne ya bayyana ga Ibrahim da Ishaku da Yakubu da sunan El Shaddai, amma ba su san shi da sunan Yahweh ba. Siffofin El na uba, sarki, mahalicci sun koma kansa ba tare da faɗa ba, ba a ga annabi ko ɗaya yana yaƙi da El. Kirarin Ba'al ma an karɓe, Zabura 68 ta kira Yahweh mai hawa gajimare, amma shi Ba'al da rigima aka rabu.

Wurin da tsohon tsari ya fi fitowa shi ne Maimaitawar Shari'a 32:8-9, kuma darasi ne a kan yadda ake binciken nassi. Kwafen Ibrananci da aka saba da shi ya ce Maɗaukaki ya raba al'ummai bisa yawan 'ya'yan Isra'ila. Wani guntun kwafe daga kogon dutse a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, wanda ya girmi wancan da kusan shekara dubu, ya ce bisa yawan 'ya'yan Allah, tsohuwar fassarar Girkanci kuma ta ce mala'ikun Allah. Ƙa'idar masu nazarin kwafe ita ce karatun da ya fi damun mai kwafa shi ya fi kusa da zama na asali, domin mutum yakan gyara abin da ya dame shi ne. Da wannan karatu ma'anar ta zama: an raba kowace al'umma ga ɗaya daga cikin 'yan majalisar sama, rabon Yahweh kuwa Yakubu ne, wato Bani Isra'ila.

Maƙwabta ma haka suke gani. Dutsen Mesha sarkin Mowab, na wajajen 840 K.M., wanda aka gano a Diban a 1868, ya ce Omri sarkin Isra'ila ya danne Mowab ne saboda Kemosh ya yi fushi da ƙasarsa, da fushin ya huce Mesha ya ci garin Nebo ya kwaso kayan Yahweh ya kai gaban Kemosh. A riƙe wannan dalili na fushin abin bauta, zai dawo.

Abin da ƙasa ta ɓoye

A Arad, wani sansanin sojan Yahuza (masarautar kudu, mai babban birni a Urushalima) a hamadar Negeb, an tono cikakken ɗakin ibada: tsakar gida da bagaden hadaya na duwatsun da ba a sassaƙa ba, sai ƙuryar ciki mai dutse a tsaye, da ƙananan bagadan turare guda biyu a bakin ƙofarta. Binciken da aka buga a 2020 ya gano lubban a kan babban, a kan ƙaramin kuwa tabar wiwi da aka cuɗa da kashin dabba don ta ci wuta a hankali. A gidajen Yahuza na ƙarni na 8 da na 7 K.M. kuma an sami ɗaruruwan 'yan mutum-mutumin yumɓu na mace mai tallafe da ƙirjinta, da yawa daga cikinsu a Urushalima kanta.

A nan ne ake yawan yin gaggawa. Ba a sami ko ɗaya cikin waɗannan siffofi da suna a jikinta ba, saboda haka cewa Ashera ce hasashe ne, ko da yake mai ƙarfi. Suna iya zama kayan neman haihuwa ko kariya. A ɗaya gefen kuma, da Jeffrey Tigay ya tattara sunayen mutane daga hatimai da rubuce-rubucen Ibrananci na zamanin sarakuna, ya tarar fiye da kashi 90 cikin 100 na sunayen da ke ɗauke da sunan abin bauta, in an ware masu El, na Yahweh ne. Hujjojin biyu ba su kore juna ba. Yahweh ne babba, shi ne na sarki da ƙasa da yaƙi, amma a cikin gida da kan tuddai ana neman taimakon wasu ba tare da ana jin an ci amanarsa ba. Hatta gidan sarauta: ɗan Saul, sarkin Bani Isra'ila na farko, a Littafin Tarihi sunansa Eshba'al, a Littafin Sama'ila kuwa an mayar da shi Ishboshet, wato an cire Ba'al an sa kalmar da ke nufin abin kunya.

Masu cewa shi kaɗai

A ƙarni na 9 K.M. Ahab sarkin Isra'ila ta arewa ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidoniyawa, ya gina wa Ba'al haikali a Samariya. Iliya, wanda Musulmi suka sani da Annabi Ilyasu, ya tsaya masa. Suratus Saffat ma ta kawo tambayarsa ga mutanensa ko Ba'al za su riƙa kira su bar mafi kyawun masu halitta. Rigimar ta noma ce a ƙasar da ba ta da kogi kamar Nilu: wa ke saukar da ruwa? Ƙarni ɗaya bayan haka annabi Yusha'u (Hosiya) ya kawo misalin aure. Isra'ila mata ce da ta bi samari tana zaton su ke ba ta hatsi da mai da ruwan inabi, alhali mijinta ne. Daga wannan tunani ake fahimtar siffar "Allah mai kishi". Bahaushe ya san ba a kishi da abin da babu. Masanin nan Morton Smith ya kira waɗannan mutane ƙungiyar Yahweh shi kaɗai, kuma na dogon lokaci su ne 'yan tsiraru.

Assuriya ce ta canza musu matsayi. Wajajen 722 K.M. Samariya ta faɗi, Sargon na biyu, sarkin Assuriya, ya yi iƙirarin kwashe mutum 27,290. Masu gudun hijira sun gangara kudu, Urushalima ta faɗaɗa, suka kuma taho da bayanin annabawansu cewa arewa ta hallaka ne saboda cin amana. Sarki Hezekiya na Yahuza ya rushe masujadan kan tuddai, ya farfashe har macijin tagulla da ake dangantawa da Annabi Musa saboda ana ƙona masa turare. A 701 K.M. Sennakerib sarkin Assuriya ya zo, ya ce ya ci garuruwa 46 masu ganuwa ya kulle Hezekiya kamar tsuntsu a keji. Amma bai shiga Urushalima ba. Karkara ta ƙone, haikali ɗaya ya tsira, wannan kuwa ya fi wa'azin shekara hamsin tasiri.

Akwai wani gado na Assuriya da ba a cika lura da shi ba. Sarakunanta kan sa sarakunan da ke ƙarƙashinsu su yi caffa a rubuce. A yarjejeniyar da Esarhaddon ya ƙulla a 672 K.M. don tabbatar da gadon ɗansa Ashurbanifal, an umarci masu rantsuwa su ƙaunaci yarima kamar kansu, su tona asirin duk mai zuga tawaye ko ɗan'uwansu ne ko annabi, aka kuma jera la'anoni ga mai karya alkawari. An sami kwafen wannan a Tell Tayinat a kudancin Turkiyya a 2009, wanda ya nuna ana ajiye irinsa a lardunan yamma. Duk wanda ya ɗora shi kusa da Maimaitawar Shari'a 13 da 28 zai ga kamar ta yi yawa, har jerin wasu la'anonin ya zo ɗaya. Marubutan Yahuza sun ɗauki takardar mubaya'ar daular da ta danne su, suka sa Yahweh a gurbin sarkin. Biyayya marar rabuwa ta koma doka.

A 622 K.M., lokacin gyaran haikali, babban firist Hilkiya ya ce ya sami littafin shari'a. Tun 1805 masana suke ganin wani sashe ne na Maimaitawar Shari'a. Sarki Yosiya ya aika aka tambayi annabiya Hulda, sannan ya shiga aiki. Jerin abin da ya fitar, a 2 Sarakuna 23, shi ne shaida mafi ƙarfi kan abin da ke cikin haikalin kafin nan: kayan Ba'al da na rundunar sama, siffar Ashera da aka ƙone a kwarin Kidron, ɗakunan da mata ke yi mata saƙa, dawakan da aka keɓe wa rana. Aka hana hadaya ko'ina sai Urushalima. Sai dai magoya bayansa ne suka rubuta labarin, kuma abin da aka tono a ƙasa bai nuna gyaran ya game ko'ina kamar yadda suka faɗa ba. A 609 K.M. Fir'auna Neko ya kashe Yosiya a Magiddo.

Inda gizo ke saƙar

A 597 K.M. Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe Sarki Yekoniya da manyan gari zuwa Babila. An sami allunan rabon abinci na fadar Babila da sunansa a ciki. Wajajen 586 aka ƙone haikali, sarautar gidan Dawuda ta ƙare. Bisa lissafin zamanin, abin bautar da aka ƙone gidansa aka kwashe kayansa an ci shi da yaƙi ke nan, Marduk, babban abin bautar Babila, ya fi shi. Akwai kuma matsalar ƙasa: Na'aman mutumin Suriya sai da ya roƙi ƙasar Isra'ila lodin alfadarai biyu don ya iya bauta wa Yahweh a garinsu, mai Zabura 137 kuma yana tambaya yadda za a rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa.

Ba kowa ya ɗauki darasi ɗaya ba. Irmiya 44 ta adana amsar Yahudawan da suka gudu Masar, maza da mata: lokacin da muke ƙona wa Sarauniyar Sama turare muna da abinci muna zaman lafiya, tun da muka daina ne takobi da yunwa suka cinye mu. Wato a wurinsu gyaran Yosiya ne ya jawo masifa. A ma'aunin abin da ido ya gani, hujjarsu ba ta da rauni.

Ɗaya amsar ta fara daga inda Mesha ya tsaya, cewa fushin abin bautarmu ne ya sa aka ci mu, amma ta zarce shi nesa. Ishaya ya riga ya kira Assuriya sandar fushin Yahweh, Irmiya ya kira Nebukadnezzar bawansa. In shi ke juya daula mafi ƙarfi a duniya yadda ya so, me ya rage wa allolin daular? Ezekiyel, a bakin kogin Kebar a Babila, ya ga kursiyi mai ƙafafun keke, kursiyin da ba ƙasa ɗaya ta ɗaure shi ba. Sannan a surori 40 zuwa 55 na Littafin Ishaya, waɗanda yawancin masana ke danganta wa wani annabi na ƙarshen zaman Babila, jimla ta biyu ta fito ba kwana-kwana: ni ne na farko, ni ne na ƙarshe, ban da ni babu wani Allah. Shi ke yin haske da duhu, lafiya da masifa. An yi wa gunki ba'a mai zafi: mutum ya sare itace, rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ragowar ya sassaƙa ya durƙusa yana cewa ka cece ni. Da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 K.M., rubutunsa na yumɓu ya ce Marduk ne ya kama hannunsa. Ishaya 45 ta ce Yahweh ne ya kama hannun damansa, har ta kira shi shafaffe, ko da yake Sairus bai san shi ba. Al'ummar da ta rasa ƙasa da sarki da haikali ita ce ta yi iƙirari mafi girma, kuma rashin ne ya buɗe masa ƙofa.

Masu danganta abin da Akhenaten, Fir'aunan da ya keɓe bauta ga faifan rana a ƙarni na 14 K.M., suna da giɓin kusan shekara 800 da ba su cike ba, addinin nasa kuma ya mutu jim kaɗan bayansa. Tasirin addinin Farisawa ya fi yiwuwa a batun mala'iku da ƙarshen duniya fiye da a tauhidin kansa.

Bayan dawowa

An gama haikali na biyu wajajen 515 K.M., kuma a lardin Yahuza na zamanin Farisa 'yan mutum-mutumin nan na mata sun kusa ɓacewa gaba ɗaya. Amma tsugune ba ta ƙare ba. A tsibirin Elefantin kusa da Aswan akwai sojojin haya Yahudawa da haikalinsu na Yahu. Takardunsu sun nuna ana raba kuɗin taimako tsakanin Yahu da Anat-Betel da Eshem-Betel, wani kuma ya yi rantsuwa da Anat-Yahu. Da firistocin Khnum, wani abin bautar Masarawa, suka sa aka rushe haikalin a 410 K.M., suka rubuta wa babban firist na Urushalima bai ba su amsa ba. A 407 suka koma ga gwamnan Yahuza, aka goyi bayan sake ginin da baikon gari da turare, ba a ambaci hadayar ƙonawa ba.

Tsohuwar majalisar sama ba a share ta ba, an rage mata matsayi ne. 'Ya'yan El sun zama mala'iku. A Daniyel 10 Farisa da Girka kowace da shugabanta na sama, Isra'ila kuma da Mika'ilu. Farawa 1 ta ƙi kiran rana da wata da sunayensu, ta ce babban haske da ƙarami, wataƙila domin sunayen na alloli ne a wurin maƙwabta. Matsalar sharri kuma ta taso, tunda babu wani abin bauta da za a ɗora wa: 2 Sama'ila 24 ta ce fushin Yahweh ne ya iza Dawuda ƙidayar jama'a, 1 Tarihi 21, wadda aka rubuta daga baya, ta ce Shaiɗan ne. Sunan Yahweh ma aka daina furta shi, ana karanta Adonai, wato Ubangiji, domin suna na bambancewa ne, wanda ba shi da na biyu bai buƙatarsa.

A 167 K.M. Antiyokus na huɗu, sarkin Girkawa da ke mulkin Siriya, ya ƙazantar da haikali ya hana bin Attaura, sai aka ga mutane sun zaɓi mutuwa a kan miƙa hadaya ga wani, tawayen Makabiyawa kuma ya dawo da haikalin a 164. Wani guntun takarda daga Masar na wajajen wannan zamani, wanda ake kira takardar Nash, yana ɗauke da dokoki goma tare da ayar nan ta Maimaitawar Shari'a 6:4 da ke cewa Ubangiji ɗaya ne, alamar ana haɗa su a karatun ibada. A 63 K.M. janar ɗin Rum, Fomfi, ya ci Urushalima ya kutsa har ƙuryar haikalin da babban firist kaɗai ke shiga sau ɗaya a shekara. Tasitus, marubucin tarihin Rumawa, ya ruwaito cewa tun daga nan aka san babu siffar wani abin bauta a ciki, ɗakin wayam yake.